Igiyar Doki Na Huɗu

Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da tsoho mai zane a ƙofar shagonsa, gidan gaba ɗaya ya tsuke ya koma ɗaki guda. Gadon ƙarfe, kujerar roba, tebur da kwalaben magani suka cinye, fanka mai juyi tana kuka kamar dole aka yi mata, sai taga ɗaya wadda ba ta kallon komai sai katangar maƙwabta. A wannan ɗakin 'yarsa Auta ta tare. Da ƙaramar jaka ta zo, a kan za ta yi 'yan kwanaki ta koma, ga shi yanzu har masu shagunan layin sun daina tambayarta yaushe ne tafiya.

Aikinta yana wani gari mai nisa, wuni guda a mota. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti take, kuma ba aikin rufin asiri kawai ba ne a wurinta, sonsa take yi har cikin ranta. Ta sha wuya kafin ta same shi. Shugabar ɗakin mace ce mai kirki amma ba ta da wasa. Ta ba ta hutu, ta ƙara mata, ta sake ƙarawa, har ta kai ga cewa ita ma an taso ta a gaba daga sama: in ƙarshen wata ya zo Auta ba ta dawo ba, za a ba wani kujerar. Da wannan maganar Auta ke kwana, da ita take tashi, ƙarshen watan kuma sai matsowa yake yi babu ko kunya.

Baban kuwa, ciwon bai bar masa abin kirki ba. Baki ya karkace, magana ta ɗauke ƙaf, hannun dama da ƙafar dama sun zama kaya. Abin da ya rage masa idanu biyu ne da hannun hagu. Idanun kuma tun da aka dawo da shi daga asibiti ba su da wurin zuwa sai bangon da ke fuskantar gadon, inda aka rataye hoton mahaya dawaki.

Shi ya zana shi. Rayuwarsa duka allunan shaguna yake rubutawa, na masu aski da teloli da masu gyaran waya, da bayan manyan motoci inda direbobi ke son a sa musu zaki ko mikiya. Jefi-jefi ne yake yin hoto don kansa, kuma wannan shi ne na ƙarshe. Babban ɗansa, wanda duk gidan ke kira Yaya, shi ya tarar da shi jingine a shago bayan faɗuwar, ya kai wa mai firam aka kewaye shi da katako mai ruwan gwal aka rufe da gilashi, ya zo ya kafa ƙusa da hannunsa, yana cewa Baba ya riƙa ganin aikinsa ya ji sanyi a ransa. In gaskiya za a faɗa, ƙusar nan ita ce jinya mafi nauyi da Yaya ya taɓa yi a ɗakin.

Mahaya huɗu ne a wani fili fetal, ba itace ba gida. Sama launin toka ce da ratsin ja, ba ka iya cewa gari ne ke wayewa ko rana ce ke faɗuwa. Uku sun yi gaba a sukwane, rigunansu na tashi, ba a ganin fuskar ko ɗaya sai ƙeya. Na huɗun yana baya a kan wani ƙaramin farin doki da ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya bai ajiye ba. Daga wuyan farin dokin wani siririn baƙin layi ya miƙe ya yi baya har gefen hoton, ya ƙare a jikin wani ɗan gajeren abu da ke tsaye kamar turke.

Wurin nan tsohon ke wuni yana kallo. In ya kalla ya kalla, sai babban yatsansa na hagu ya fara goga shimfiɗa, ya ja ya dawo, ya ja ya dawo, maƙogwaronsa na fitar da wani sauti da ba kalma ba. Wani lokaci hawaye ya gangaro ta gefen da ya mutu ya shige masa kunne.

Da yake bakinsa ya rufe, sai masu yi masa magana suka yi yawa. Gwaggo, ƙanwarsa, in ta zo dubiya takan hakimce a kujerar roba ɗayar nan, Auta ta tsaya a kanta. Ita a wurinta abin a fili yake: saman nan faɗuwar rana ce, mahaya ukun waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne, har da mahaifiyar su Auta, na huɗun kuwa ɗan'uwanta ne da sauran shan ruwansa ya riƙe shi. Yatsan da ke motsi kuma tasbihi yake ja. A gabansa take faɗin duk wannan da ƙarfi, kamar kunnen ma ya shanye. Mai gasa masa jiki da ke zuwa daga asibiti shi ko kallon bangon bai yi ba, ya ce jijiya ce ke farfaɗowa, a gode wa Allah.

Amma babban mai fassara Yaya ne. Sana'arsa koyar da tuƙin mota, ya shekara da shekaru yana zaune gefen direba yana faɗin abin da za a yi ba tare da ya riƙe sitiyari ba, har abin ya bi masa jiki. Da yamma yake leƙowa in ya tashi aiki, makullin mota a yatsa yana kaɗawa, ba ya zama, wai kada ya takura mara lafiya. Zai tsaya gaban hoton ya goya hannu a baya ya gyaɗa kai.

Shi ya ce mahayan su ne, 'ya'yan gidan. Na gaban shi ne, ai ko faɗin kafaɗar ya isa shaida. Biyun da ke gefensa 'yan biyu ne, ƙannensa da ke aiki a wata ƙasa, waɗanda jinyarsu ba ta wuce su bugo waya su sa wa Auta albarka ba. Ƙaramin farin dokin kuwa ba sai an faɗa ba. Baba ya ga abin da ke zuwa, in ji shi, ya zana wasiyyarsa tun kafin baki ya rufe: maza su fita nema, auta ta tsaya kusa da gida. Igiyar nan ba ɗauri ba ne, ƙauna ce. Yatsan kuma da ke shafa shimfiɗa cewa yake ta zauna nan, ga wuri.

Ranar da ya fara faɗa Auta dariya ta yi. Ta ce in haka ne ai ita ba ta taɓa hawa ko jaki ba. Ta kuma ce igiyar ta cika miƙewa, igiyar gaske takan ɗan saki a tsakiya. Yaya ya ce yawwa, ta miƙe ne saboda dokin yana ja, ita kuma tana riƙe, ai Baba ya san halin 'yarsa. Duk ƙofar da ta buɗe sai ta tarar ya riga ta tsayawa a bakinta.

Ba wai ba ta nemi mafita ba. Ta samo wata mai jinya ƙwararriya da za ta riƙa wuni da shi, ta ce Yaya da iyalinsa su dawo gidan tunda ga ɗakuna a rufe, ita kuma duk hutun da ta samu ta zo ta karɓe su. Yaya ya ce haba, bare ya riƙa juya Baba alhali yana da 'ya? Ya ce shi bai hana ta tafiya ba, wallahi bai hana ba, ta dai dubi bango ta dubi idon tsohon nan, in zuciyarta ta ba ta ta tafi. Daga nan ya duba agogo ya ce yara na jiransa.

Haka kwanaki suka yi ta bin juna. Ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta shafa mai a baya da ɗuwawu don kada fata ta sale. Ta ba shi abinci mai ruwa-ruwa da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo ta gefen baki. Ta cire shimfiɗa ta wanke ta shanya, kafin ta bushe wata ta ɓaci. Hannuwanta da suka saba da safar roba da ƙananan kwalabe suka yi kaushi suka tsattsage. In ta samu ta zauna, ba abin kallo a ɗakin sai abin da shi ma yake kallo.

Da farko hoton ya yi mata kama da na murna, ga gudu ga iska. A hankali ya sauya mata. Ta lura filin ba shi da hanya, ba shi da ƙarshe, ukun nan kuma ba a san abin da suke bi ba, ƙila ma gudu suke yi daga wani abu. Ta lura ba wanda ya waiwayo. Jan da ke sama ta daina ganinsa a matsayin alfijir. Farin dokin kuwa tsanarsa ta yi, shi da ƙafarsa da ke sama, bai taka ba bai fasa ba. Akwai ranar da ta tsinci kanta tsaye a tsakar gida da bokiti, ƙafa ɗaya a kan dakali, ta manta inda za ta. Ta ajiye bokitin ta yi kuka mai isarta, sannan ta wanke fuska ta koma ciki don lokacin magani ya yi.

Abin da ya fi cin ta shi ne ta fara yarda. Tana son mahaifinta, ba ƙarya. Ita ce 'yar shagonsa tun tana ƙarama, mai wanke masa buroshi a gwangwanin kananzir, wadda ta taɓa kifar da shuɗin fenti a kanta har ya laƙaba mata Shuɗi, sunan da babu mai kiranta da shi sai shi. Yanzu ba mai kira. In da gaske roƙonta yake yi da ɗan yatsan da ya rage masa, da wace fuska za ta ɗauki jaka? Wani lokaci takan durƙusa ta tambaye shi ko so yake ta zauna, ya ƙifta ido sau ɗaya in e ne. Sai ya ƙifta sau uku, ko ya ƙi ƙiftawa, idon ya zarce ta saman kafaɗarta ya koma bango, yatsan ya ci gaba da aikinsa. Takan ji haushinsa, sannan ta ji kunyar haushin.

Ana gobe wata zai ƙare shugabar ta bugo da hantsi. Ba ta ja zance ba.

"Na kai iyakar inda zan iya. Gobe da safe nake son amsa, ko e ko a'a, kuma ba zan ga laifinki ba."

Auta ta ce to, ta gode. Ta ajiye wayar a kan tebur tsakanin kwalabe. A ranta ta riga ta gama, a'a za ta ce, har ta tsara yadda za ta faɗa ba tare da muryarta ta karye ba. Ba ta ji komai ba sai nauyi, irin wanda mutum ke ji in ya daɗe zaune ƙafa ta mutu.

Da azahar tsohon ya ƙware da abinci, ya yi ta tari har idanu suka yi ja. Mai gasa jiki ya sha faɗa mata a ɗaga kan gadon, Yaya ya sha cewa zai kawo katako. Ta ga in ta biye wa Yaya sai tsohon ya shaƙe, ta ɗauki makulli ta nufi shagon da ke jikin ƙofar gida, wanda ba ta leƙa ba tun zuwanta.

Ƙofar ta yi gardama kafin ta buɗe. Warin fenti da kananzir ya tare ta, ta tsaya sai da idonta ya saba da duhun. Komai na nan yadda Baba ya bar shi: gwangwanaye an jera bisa launi, buroshi sun bushe sun ƙage, tsohuwar rigar aikinsa a ƙusa. Katakan suna lungu, bayan wani allo na shagon aski da bai ƙarasa ba. Ta raɓa ta gefensa ta jawo guda biyu, da ta fito haske sai ta ga hannun rigarta ya yi baƙi tun daga gwiwar hannu.

Ta koma ta duba allon. Haruffan an gama su da jan fenti, sun bushe, amma sama da ƙasansu akwai layuka biyu miƙaƙƙu na gawayi, kowanne ya fara daga wani ɗan gajeren tsaye a gefe. Inda rigarta ta goga, layin ya ɓace.

Ta daɗe tsaye da katako a hannu. Yadda Baba yake aiki ke nan, kuma ta sani, ta sani tun kafin ta iya karatu, gajiya ce da surutun mutane suka binne mata shi. In fenti ya bushe yakan ɗauki gawayi ya yi ɗan tsaye a gefe, ya ɗora doguwar sanda ya ja layi a kan aikin don ya ga ko wani abu ya karkace, ko harafi ko wuyan dabba. In ya gyara abin gyarawa, sai ya kira ta ta zo ta gani, ya sa babban yatsansa na hagu, don na dama na riƙe da buroshi, ya goge layin tas. Sannan ya ce to, yanzu ya zama na mai shi. Aiki bai taɓa fita shagon nan da gawayi a jikinsa ba. Ta tuna ranar da ya bi wata babbar mota da gudu har bakin titi, ba takalmi, don direban ya yi gaggawar tafiya da layi a bayan motarsa.

Ta zubar da katakan a nan. Ta shiga ɗaki ta hau kujerar roba ta sauke hoton, ta kifa shi a ƙasa. Ƙananan ƙusoshi ne mai firam ya lanƙwasa a baya, ta sa bayan cokalin abincin tsohon ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ta yanke ta a yatsa ba ta ma ji ba. Tsohon ya bi ta da ido, sautin maƙogwaronsa ya ƙaru. Ta zare hoton daga gilashin, ta ɗago kansa da filo biyu, ta jingina masa shi a ƙirji ta riƙe ta baya.

Hannun hagun ya taso a hankali, yana kakkarwa, ya ɓata hanya sau ɗaya ya dawo. Yatsan ya sauka a wuyan farin dokin. Ya ja shi baya, ja ɗaya, irin wanda ya yi wa shimfiɗa ba adadi, layin ya bi yatsan ya tafi. Ya dawo ya share ɗan abin da ya rage. Ya dangwala a kan turken ya murza, shi ma ya tafi. Ya ɗan janye kai ya ƙanƙance ido ɗaya ya duba aikin daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya sauke wani dogon numfashi, hannun ya faɗi a kan bargo, yatsan baƙi ƙirin, kuma ya tsaya cak.

Auta ta zauna a bakin gadon da hoton a cinya. Ta zaci daɗi za ta ji, sai ta ji ɗaci. Ashe duk tsawon lokacin nan ba da ita yake ba. Ba roƙonta yake ba, ba wasiyya yake ba, ba tasbihi yake ja ba. Mutum ne aka ɗauke masa aiki bai gama ba, aka kulle a bayan gilashi, aka rataye masa a gaban ido ya wuni yana kallon abin da ba zai iya kaiwa gare shi ba, su kuma suna tsaye a kansa suna yaba ma'ana. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ji haushin Yaya, ta ji na kanta ya fi. Ta dubi farin dokin, yana nan da ƙafarsa a sama, ba abin da ya riƙe shi kuma, kuma bai ce mata ta tafi ko ta zauna ba.

Da yamma sai ga Yaya da makullinsa. Ya ga bango wayam, ya ga firam a ƙasa, ya fara faɗa tun daga bakin ƙofa, wai wane irin ganganci ne wannan, gilashi a ɗakin mara lafiya. Auta ta miƙa masa hoton, ta nuna masa yatsan Baba, ta faɗa masa abin da ya faru a taƙaice, har da allon mai aski.

Yaya ya karɓa. Ya kai hoton bakin taga ya karkata shi. Ya dubi tsohon, wanda idonsa ke lumshe. Kunya ta ɗan gilma a fuskarsa, Auta ta gan ta da idonta, amma ba ta samu wurin zama ba. Ya gyara murya ya gyaɗa kai a hankali.

"Kin ga ikon Allah. Ai wannan ya fi na da ƙarfi. Ya cire igiyar da hannunsa, kuma dubi, dokin bai motsa ba. Yana nufin ke ba sai an ɗaure ki ba, da kanki kike zaune."

Wallahi da a wata rana ce da ta yi dariya har ta faɗi. Ta dube shi kawai, ta ga ba mugunta ba ce, tsoro ne. Mutumin nan tsoron gadon yake ji, tsoron warin ɗakin, tsoron ya taɓa jikin ubansa ya ji yadda ya zama. Zai iya fassara bango har ƙarshen duniya in dai hakan zai bar shi a tsaye kusa da ƙofa.

Ta juya ta durƙusa a gefen hagu na gadon, inda tsohon ke ji. Ta kira shi. Ya buɗe ido, kuma karo na farko tun zuwanta idon bai zarce ta saman kafaɗarta ba, a kanta ya tsaya.

"Baba, Shuɗi ce. Ina so in koma aikina. Gobe zan ce musu ina zuwa. Akwai mai jinya da za ta riƙa wuni da kai, Yaya kuma zai dawo gidan nan. Zan riƙa zuwa."

Bakin ya motsa, ba abin da ya fito. Hawaye ya cika idon, wannan karon har da gefen mai rai. Hannun hagun ya lalubo ya kama wuyan hannunta ya riƙe, riƙo mai ƙarfin da ba ta san yana da sauransa ba, yatsan gawayin ya nutse a fatarta. Ta jira ya ja ta ko ya tura ta. Bai yi ko ɗaya ba, ya riƙe ne kawai yana kallonta.

Yaya ya matso da sauri, murya ƙasa-ƙasa, ya ce to ta gani, ta gani da idonta, wannan kuma ai ba ya bukatar...

"Ba ka sani ba, Yaya," in ji ta. "Ni ma ban sani ba."

Kuma gaskiyarta ke nan. Ƙila cewa yake kada ta tafi. Ƙila sallama yake yi mata. Ƙila godiya ce ta hoton. Ba za ta taɓa sani ba, kuma ta gane da wannan rashin sanin za ta hau mota, da shi za ta tsaya gaban na'urarta, ya bi ta duk inda ta shiga. Kuka ya zo mata, ta bar shi ya zubo, ba ta janye maganarta ba.

Da ɗayan hannun ta kamo na Yaya, wanda ke riƙe da makullin mota. Ta zare makullin ta ajiye a kan tebur kusa da wayarta. Ta ɓamɓare yatsun tsohon daga wuyan hannunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana ba shi haƙuri, ta ɗora su a kan na ɗansa. Yatsun suka laluba, suka samu abin riƙewa, suka riƙe. Yaya ya dubi hannun. Ya waiga bango, ba komai a wurin sai ƙusa. Da ya ga riƙon ba na saki ba ne, sai ya sa ƙafa ya jawo kujerar roba ya zauna.

Auta ta miƙe ta ce masa lokacin juya Baba ya kusa, bari ta ɗauko katakan da ta bari a shago, in ta dawo za ta nuna masa inda ake sa hannu a ƙarƙashin kafaɗa. A tsakar gida ta tsaya bakin famfo don ta wanke yankan da ƙusa ta yi mata. Shatin yatsan Baba na nan baƙi a wuyan hannunta. Ta wanke yankan, ta kauce wa wurin, ta rufe famfon ta wuce shago.